Daga Kwanar Gafan zuwa Mile 12: kundin ɗaura ƙashin littafina

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau bayan sallar isha'i na yanke wa kaina wa'adi. Kwana 30 na ba kaina in gama tsara littafin nan tun daga babin farko har na ƙarshe, kuma ba zan ƙara rubuta ko layi ɗaya na labarin ba sai tsarin ya tsaya da ƙafarsa. Ƙashin nake so in fara ɗaurawa, tsoka ta biyo baya.

Shekara biyu ke nan ina tare da wannan littafi. Na rubuta babi 11 a waya, yawanci a cikin danfo tsakanin Agege da Mile 12, ina tafe ina ƙirƙira, ban san inda na dosa ba. A babi na 11 motar tumatir ɗin ta iso Mokwa, daga nan ban sake iya motsa ta ba. Wata 14 tana tsaye a can. Duk sanda na buɗe wayar sai in ga hanya goma a gabana, kowace da kyanta, amma babu wadda ta zama dole in bi.

Ni malamin lodi ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, a ɓangaren 'yan gwari. In mota ta shigo daga Arewa, ni ke tsayawa da littafi ina ƙirga kwandunan da 'yan dako ke saukewa, in rubuta alamar mai kaya, in rubuta wanda ya ɗauka da abin da ya bayar. A bakin waɗannan motoci na tsinci labarin. Wani saurayi ne ya rako amfanin gonar mahaifinsa daga Kwanar Gafan zuwa Legas, karo na farko da ya taɓa barin ƙasar Kano, a ƙarshen Fabrairun 2021, daidai lokacin da masu safarar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. Ina kasuwa a lokacin. Na ga filin da ke cika da tireloli ya koma fayau, na ga farashin kwando ya yi tashin gwauron zabi a nan, alhali a gida manoma na waya suna kukan kaya ya yi kwantai. Abin bai fita daga raina ba har yau.

Saurin da nake yi yana da dalili. Ana sa ran azumi a farkon Maris, kuma da azumi ya kama ba ni da dare. Ina so tsarin ya kammala ran 2 ga Fabrairu, in sami mako huɗu na rubutu kafin a ga wata.

Na sayi farin kwali 4 a kan naira 1,600, alƙalamin maka baƙi da ja 1,000, littafin rubutu 700.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na yayyanka kwalin ya ba ni kati 40, kowane kamar tafin hannu. Kati ɗaya, fitowa ɗaya. Layi uku kawai na yarda in rubuta a kan kowane: abin da mutumin ke nema, abin da ya tare shi, da abin da ya sauya bayan an tashi daga wurin. In ban iya cika layi na uku ba, katin bai shiga ba.

Na kuma cire wa mutanen sunayensu. A kan kati sun koma Saurayi, Direba, Dillali, Uba, Budurwa, Alhaja. Na lura in mutum yana da suna ina jin nauyin taɓa shi, ina jin kamar ɗan'uwana ne. Sai tsari ya kammala zan mayar musu.

Laraba, 8 ga Janairu

Kati 12. Babu wahala, daga tsoffin babobin na kwaso su.

Juma'a, 10 ga Janairu

Akwai mai shayin da nake karyawa a wurinsa kafin motocin asuba su fara shigowa, mutumin Sakkwato ne, ya fi shekara 20 a kasuwar. Yau na ce masa zan ba shi labarin littafina gaba ɗaya kafin ya gama soya min ƙwai. Na fara, na kawo Saurayi, na kawo mota, na kawo yadda masu hana kai kaya Kudu suka tare hanya a Jebba. Yana juya ƙwai ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "To Malam, in tumatir ɗin ya ruɓe, me yaron zai rasa? Ai kullum tumatir na ruɓewa a nan, gobe a kawo wani."

Na rasa amsa. Na ce zai ji kunyar mahaifinsa. Ya ce kunya ai ana wanke ta. Na biya kuɗin shayi na tafi bakin aiki jikina a sanyaye, domin gaskiya ya faɗa. Shekara biyu ina rubuta mutumin da babu abin da ke kan wuyansa.

Da yamma a mota na zauna da tambayar. Na tuna yadda ake noman rani a wajenmu, a filayen Kadawa da Kura da ruwan dam ɗin Tiga ke shayarwa. Ba kowane manomi ke da kuɗin iri da taki da maganin feshi ba. Da yawa dillali ne ke ba su bashi, a kan in kaya ya nuna a biya shi. To ga shi nan: Uba ya ci bashin Dillali shekara biyu a jere, ta farko tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonar, a ta biyu ya jinginar da gonar kanta. Wannan lodin shi ne fansar gonar. In bai isa ba, gonar gado ta tafi, kuma Uba ba zai iya zuwa da kansa ba saboda ciwon ƙafa. Kafin mu kai Agege na cika shafi uku.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na zana hanyar a bayan wata tsohuwar kalanda: Kwanar Gafan, Zariya, Kaduna, Suleja, Lambata, Bida, Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, Legas. Wajen kilomita 1,000 da ɗoriya. Ina zanawa sai na gane labarin yana da agogo a cikinsa tun asali, ni ne ban kalle shi ba. Tumatir ba ya jira. Tun daga sa'ar da aka tsinke shi yake mutuwa. Saboda haka na fasa raba littafin da garuruwa, zan raba shi da kwanaki, kuma kowane kwana zai buɗe da halin da kayan ke ciki.

Kati 19.

Talata, 14 ga Janairu

Yau na sami abin da nake nema tun makon jiya. Akwai wani dattijon direba, mutumin Bunkure, da ya daɗe yana bin wannan hanya. Ya sauke kaya da safe, yana jiran lodin komawa, na same shi a inuwar motarsa yana gyangyaɗi a kan tabarma. Na saya masa lemo da goro na 1,200, na roƙe shi in karanta masa katunan, ya yarda in ɗauki muryarsa a waya.

Kati na uku ya tsayar da ni. Ya ce, "Ɗana, kwando nawa ka ce uban yaron ya noma?" Na ce 60. Ya ce, "Mai kwando 60 ba ya ɗaukar shatar tirela. Haɗaka ake yi. Mota ɗaya za ka ga kayan mutum biyar, mutum shida, kowa da alamarsa." Na san wannan, kullum ni ke rubuta alamomin, amma a littafi na bar Saurayi shi kaɗai da Direba a kan hanya, don ya fi min sauƙin rubutawa.

Ya gyara min abubuwa da yawa. Ba a tsinko wanda ya nuna luguf in Legas za a kai, sai wanda ya fara ja yana da sauran ƙarfi. Ana jera kwandunan hawa hawa da katako a tsakani don kada na sama su danne na ƙasa, amma duk da haka na ƙasa su ke fara shan wahala. Direban gwari ba ya kwana a hanya yadda na rubuta, in ban da sallah da man mota da ɗan abin sa wa a baka ba ya tsayawa, in hanya ta yi kyau kwana biyu ya iso. Na goge fitowar da na sa su kwana a masauki a Bida suna hira.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na tambaye shi yadda yake gane kaya sun fara lalacewa ba tare da ya hau sama ba. Ya nuna min ƙasan bodin motar ya ce, "Nan nake dubawa. In na tsaya na ga ruwa na ɗiga a kan kwalta, ɗis, ɗis, to kuɗin mutane ne ke zuba. Daga nan sai tsami ya biyo baya, sai ƙuda." Na rubuta wannan da jan maka, na liƙa a saman kalandar.

Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Ya ce in littafin ya fito a karanta masa, shi bokonsa ba ta da nisa.

Juma'a, 17 ga Janairu

Babu aiki kwana uku. Zazzaɓi, ga cunkoso a Ojota da ya ci min yamma biyu. Magani 2,500.

Lahadi, 19 ga Janairu

Wannan rana sai na rubuta ta dalla dalla.

Da safe na shimfiɗa katunan a kan tabarma, 27 a jere, na tsaya ina kallonsu ina jin daɗi. Aka kira ni waje gaisuwar wani maƙwabci da ya dawo daga gida. Ban fi minti 20 ba. Na dawo na tarar 'yata mai shekara 4 ta tattara su duka ta zuba a cikin kwanon silba, tana yi wa 'yar tsanarta "kasuwa". Ta ɗago ta ce, "Abba, zo ka sayi tumatir." Ban sa musu lamba ba, domin ina ta sauya musu wuri.

Ban yi mata faɗa ba. Na zauna na fara mayar da su. Na farkon sun koma wurinsu ba gardama: bashi, jingina, tsinka, lodi, sallama da Uba. Ba yadda za a yi lodi ya riga tsinka. Amma da na zo tsakiya, daga Kaduna zuwa Jebba, sai na kasa. Kati 9 ne a hannuna: taya ta fashe, an tsayar da su a shingen bincike, Saurayi ya yi faɗa da yaron mota, an sace masa kuɗin guzuri, Budurwa ta kira shi a waya, sun ga haɗari a hanya, da sauransu. Na jera su haka, ya yi. Na juya su, ya yi. Na rufe ido na cakuɗa na sake jerawa, nan ma ya yi. Babu wanda ya haifi wani. Kowane yana zaman kansa, kamar baƙin da suka haɗu a tasha.

Nan na gane abin da ya tsayar da ni a Mokwa wata 14. Ba rashin abin faɗa ba ne. Tarin abubuwa ne da ke faruwa da Saurayi, shi kuwa bai yi komai da hannunsa da ya jawo na gaba ba. Na daɗe zaune da katunan nan 9 a cinyata har aka kira azahar. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a cikinsu akwai fitowar fashewar taya, wadda nake ganin ita ce mafi kyan abin da na taɓa rubutawa.

Talata, 21 ga Janairu

Na samo ma'auni. Ina karanta kati biyu a jere da ƙarfi, in saurari kalmar da ta shiga tsakaninsu da kanta. In "daga nan sai" ce, akwai matsala. In "saboda haka" ce ko "amma", to sun riƙe juna.

Labarin tafiya yana da wannan tarko, kuma mun gaje shi. Tun littattafan da suka fito daga gasar 1933 da aka shirya a Zariya, tafiya ce ƙashin bayan da yawa daga cikinsu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma mutum ne ya fita nema, yana shiga gari yana fita, kowane gari da abin da ya tarar. A can abin ya zauna daram, domin daɗin yana cikin kowane zango da kansa. Nawa ba haka yake ba. Ni na ɗora wa mutum bashi da agogo, mai karatu ba zai yarda in tsaya nuna masa gari ba alhali ruwa na ɗiga a ƙasan mota.

Maganar Baba direba ce ta fitar da ni. Tunda haɗaka ce, na sa masu rakiyar kaya huɗu a motar. Da aka tare su a Jebba, kowa da inda ya ja. Ɗaya yana so a juya gida. Ɗaya yana so a karyar da kayan nan take ko nawa ne. Ɗaya ya san wata ɓarauniyar hanya, yana so a sulale da dare. Na huɗun shagon yayansa ne ya ƙone a Shasha, shi yana tare da masu tare hanyar ɗari bisa ɗari, ko kayansa za su ruɓe gaba ɗaya. Direba ya ce ba zai motsa ba sai bakinsu ya zo ɗaya. Yanzu Saurayi yana da aiki: dole ya shawo kan mutum huɗu da suka girme shi, kuma duk wanda ya jawo, wani zai rasa.

Daga cikin kati 9 na zubar da 6. Fashewar taya ta tsira, amma na sauya mata dalili. Saurayi ne ya matsa wa Direba kada a tsaya duba taya a Suleja don sauri, saboda haka ta fashe bayan Lambata, saboda haka suka yi asarar sa'o'i bakwai, saboda haka suka iso Jebba bayan an rufe hanya. Da ba don gaggawarsa ba da sun haye gada. Wannan laifin zai ɗauke shi har ƙarshen littafi.

Sababbin kati 8 a dare ɗaya. Yanzu kowane da lambarsa a baya da fensir.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na karanta wa maiɗakina tsarin bayan yara sun yi barci. Ita haifaffiyar Agege ce, kakanta fataucin goro ya kawo shi, tana jin Yarbanci kamar Hausa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, wannan Budurwar me take yi a littafin, ban da kiran waya tana kuka?" Na ce masu karatu suna son soyayya. Ta ce suna so, amma wannan ba soyayya ba ce, ado ce. Ta ce in cire ta in gani ko wani abu zai faɗi. Na zare katunanta 4, babu abin da ya motsa.

A kan Alhaja ta fi tsananta min. Na tsara ta a matsayin mai sayen kaya mai son kanta, wadda ta ba da kafin alƙalami tana ta kiran waya tana zagi. Maiɗakina ta ce, "Kai da kake tsayawa da su kullum, haka ka san su? Matar nan ita ma kuɗin adashi ta ɗauko, tana da mata goma da ke sarin kaya a hannunta suna kasawa a bakin titi. In motar ba ta zo ba, su ma ba su ci ba." Ta yi gaskiya. Na san irin waɗannan mata da yawa, akwai wadda in ta ga na yi rana a tsaye takan aiko min da ruwan sanyi. Ba na so littafin nan ya zama na ɗora wa wata ƙabila laifi. Abin da na gani a 2021 shi ne talakan can da talakan nan igiya ɗaya ta ɗaure su. Na ba Alhaja babobi uku nata na kanta, a Mile 12, tana jiran motar da ba ta zo ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Wayata ta faɗi a kwatar kasuwa ina ƙoƙarin kauce wa mai baro. Na tsamo ta, na kai wa mai gyara, ya sauya gilashi da wani abu a ciki, ya karɓi 18,000. Ta tashi, amma muryar Baba direba ta kusan minti 50 ta tafi, da wasu gajerun maganganu da nake ɗauka wa kaina a mota. Tsoffin babobin suna nan domin na taɓa tura wa ƙanena su ta WhatsApp.

Daren nan na zauna na rubuta duk abin da na iya tunawa daga bakin dattijon, shafi biyar. Bayanin ya dawo, amma yadda yake jera magana, da wasu kalmomin direbobi da na so in sa a bakin Direba, sun ɓace. Wannan asarar ta fi min kuɗin ciwo. Daga yau duk abin da na ɗauka da rana, a daren zan kwafe shi a takarda.

Talata, 28 ga Janairu

Ƙarshe ya gagara. Uku nake da su, babu wanda ya kwanta min.

In Saurayi ya sulale da dare ya kai kaya ya sayar da tsada, ya fanshi gona, amma ya ci amanar mutumin da shagon yayansa ya ƙone, kuma littafin zai zama kamar yana cewa wayo ya fi zumunci. In komai ya ruɓe ya koma gida hannu rabbana, gaskiya ce, ta faru da mutane, sai dai mai karatu ya san haka tun daga Jebba, babu abin da zai riƙe shi babi takwas. In kuwa na sa aka buɗe hanya daidai lokacin da ya dace, kamar yadda aka janye dakatarwar a farkon Maris bayan kusan mako guda, to wasu ne a Abuja suka warware masa matsalarsa, ba shi ba. Kuma tumatir ba ya kai mako a cikin mota.

Kwana biyu ina juya su. Saura kwana biyar.

Juma'a, 31 ga Janairu

Baba direba ya dawo da lodi. Bayan an sauko daga masallaci na same shi, na gaya masa abin da ya sami wayar, ya ce Allah ya mayar da alheri. Sannan na tambaye shi kai tsaye: in shi ne a Jebba, gaba ba hanya, baya ba amfani, kaya sun fara ɗiga, me zai yi?

Ya ɗan yi shiru yana ɓare goro. Ya ce, "In da rana, ai ba a rasa komai da komai ba. Wuƙa za ka nema. A yanka a shanya." Kauɗa. Abin da mata ke yi a ƙauyenmu duk shekara in tumatir ya yi araha, a tsaga shi biyu a baza a rana ya bushe, a ɗura a buhu a ajiye har damina lokacin da ɗanye ke tsada. Na taso ina ganin wannan a kan rufin ɗakuna da kan duwatsu, amma ko sau ɗaya bai zo min a rai ba.

Na dawo gida ban ko ci abinci ba. Ga yadda ya tsaya. A kwana na uku Saurayi ya daina roƙon a buɗe hanya. Ya sayar da wayarsa, ya sayi wuƙaƙe, ya shiga gari ya nemo mata, Nufawa da Yarbawa da Hausawan wurin, a kan za a biya su da wani kaso na kayan. Aka sauke lodi, aka baza tamfol ɗin motar a bakin hanya. Wanda ya riga ya zama dameji aka ware, sauran aka yanka. Mutumin Shasha, da ba ya magana da shi tun Mokwa, shi ne ya fara ɗaukar wuƙa, domin wannan hanyar ba ta karya yajin ba. Abin da aka samu bai kai rabin bashin ba. Gonar ba ta tsira duka ba. Amma Saurayi bai juya gida ba, da aka buɗe hanya ya wuce Legas da buhunan kauɗa, don ya tsaya gaban Alhaja da bakinsa ya yi mata bayanin kuɗinta.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau kwana 30. Ban gama ba. Saura abin da zai faru tsakanin Saurayi da Alhaja, da komawarsa wurin Uba. Na ƙara wa kaina kwana uku.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi. Kati 34, babi 24, kwana shida na labari. Na karanta su a jere da ƙarfi, sau biyu kawai "daga nan sai" ta shigo, na bar su domin wurin hutawa ne.

Da daddare na kai wa abokaina biyu da muke zama a Zango, ɗaya malamin makarantar Islamiyya ne, ɗaya tela. Na ba su labarin da baka daga katunan, minti 25. Telan ya tsayar da ni a wurin taya ya ce, "Kash, da ya bari an duba!" Malamin ya ce Dillali ya yi baƙi da yawa, mutumin da ya ba da bashi shekara biyu yana da hakkinsa, a bar shi ya faɗi nasa. Na karɓa. Zan ba shi fitowa ɗaya da Uba, a bakin gona, inda zai lissafa abin da shi ma ake bin sa.

Da safe na ba mai shayi labarin kafin ƙwai ya soyu. Wannan karon ya ɗago ya tambaye ni ko Alhajar ta yafe.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na zauna da tsoffin babobi 11 ina gwada su da katunan. Huɗu ne za su shiga, su ma sai an yi musu gyara sosai. Bakwai na ajiye su a gefe, ban goge ba.

Abin da na kashe daga 4 ga Janairu zuwa yau, har da gyaran waya da magani da hoton katunan da na yi a shagon kwafi don kada a maimaita ta ran 19: naira 26,200.

Tsarin rubutu: babi ɗaya duk kwana uku, da safe a mota in rubuta a waya, da dare in kwafe a littafi. In Allah ya yarda babi shida kafin azumi, sauran sai bayan sallah. Akwai abu biyu da nake bukata kafin in kai Jebba a rubuce: in sami wanda ya kwana a wurin a wancan makon ya ba ni yadda dare yake, da kuma in tambayi gwaggota a Kura kwana nawa kauɗa ke ɗauka kafin ta bushe a zafin ƙarshen Fabrairu, domin kwana na huɗu da na biyar a kan wannan suka dogara. Zan kira ta gobe bayan la'asar.

Na mayar wa Saurayi da Uba sunayensu yau. Na rubuta shafi biyu na babin farko, Uba yana zaune a kan kunya da sandarsa yana ƙirga kwandunan da ake fitarwa daga gona, ya kai 58 ya rikice ya sake farawa.